Rage Girman Hoto Tun Wajen Buɗe Shi: Nazari kan Cushewar Ma'adanar Aiki a Manhajojin Android

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dalilin da ke sa manhajar waya ta mutu nan take idan aka ba ta babban hoto ta rage. Ta nuna cewa matsalar tana ga lokacin da ake rage hoton, kuma maganinta shi ne a rage shi yayin buɗewa.

Tushen Matsalar

Masu rubuta manhaja da dama suna auna nauyin hoto da girman fayil ɗinsa, alhali fayil na JPEG a matse yake. Da zarar an buɗe shi a tsarin ARGB_8888, kowane ɗigo yana cin bayit 4 a ma'adanar aiki, wato RAM. Hoto mai ɗigo 4000 a faɗi da 3000 a tsayi zai ci bayit miliyan 48. Na kyamara mai ɗigo miliyan 50 kuwa, kusan miliyan 200. Wanda ya buɗe shi gaba ɗaya sannan ya kira createScaledBitmap ya riƙe babba da ƙarami a lokaci guda. In ya juya hoton bisa bayanan EXIF kafin ya rage, ya ƙara wani kwafi mai nauyin na farko.

Abin ya fi ƙamari a wayoyi masu araha irin na Tecno da itel da suka yawaita a kasuwanninmu, inda ake haɗa kyamara mai yawan ɗigo da ƙaramar ma'adana.

Hanyar Kauce Masa

Matakin farko shi ne karanta faɗi da tsayi kawai ta inJustDecodeBounds, wanda ba ya ware wa ɗigogin wuri. Daga nan a lissafa inSampleSize. Ƙima 4 tana rage faɗi da tsayi zuwa rubu'i, ɗigogi su koma kashi 1 cikin 16: bayit miliyan 48 ya zama miliyan 3. Ana mayar da ƙimar zuwa 1, 2, 4, 8 da makamantansu, don haka sai a biyo da ɗan gyara zuwa girman da ake so, kuma a jinkirta juyawa har zuwa wannan mataki. Daga Android 9 na 2018, ImageDecoder yana karɓar girman da ake so kai tsaye. RGB_565 yana rage nauyi da rabi, sai dai yana ɓata sirkin launi. A ganinmu bai dace da hoton fuska ba.

Akwai ruɗin da ya kamata a kawar, wato zaton cewa matsalar ta wuce. Android 8.0 na 2017 ya fitar da ɗigogin hoto daga rumbun Java zuwa ma'adanar asali ta tsarin, sai saƙon OutOfMemoryError ya ragu. Nauyin dai yana nan. Idan ma'adana ta ƙure, tsarin kan kashe manhajoji ba tare da wannan saƙo ba, kuma mai gwaji a babbar waya ba zai lura ba. Shi ya sa ya wajaba a riƙa gwadawa a waya mai ma'adanar aiki ta gigabayit 2, da hoto mafi girma da kyamararta ke iya ɗauka.