Tsumma da Sifana: Tarihin Kula da Babur a Gida

A shekarar 1974 kamfanin Honda ya tura ma'aikatansa daga Japan zuwa ƙasashe irin su Tailan, Indunusiya, Filifin da Pakistan. Aikin da aka ba su shi ne su tsaya bakin titi, su leƙa wuraren gyara, su ga yadda mutane ke yi da baburansu. Abin da suka gani ya ba su mamaki. Babur ɗaya na ɗauke da maigida da uwargida da yara. Baƙin mai ya yi kauri ya zama kamar kunu, ba a juye shi ba. Matatar iska ta toshe da ƙura. Kaca ta saki har tana dukan murfinta. Ba a kai babur wurin gyara sai ranar da ya ƙi tashi. Wanda ya ji wannan bayani a yau zai ɗauka Kano ko Maraɗi suka je.

Da suka koma gida, injin suka sake wa fasali. A ƙananan baburan Honda na lokacin, ƙarfen da ke juyawa yana buɗe bawul yana rufewa a saman inji yake, kuma rayuwarsa ta dogara da man da ake turo masa ta wata siririyar hanya. Idan mai ya yi datti, shi ne farkon abin da zai cinye. A sabon injin sai suka sauko da shi ƙasa, kusa da mazaunin mai, suka sa sanduna biyu suna tura bawul daga can. Matatar iska ta takarda suka maye gurbinta da soso wanda ake wankewa a mayar. Kaca kuma suka rufe ta ruf. Wannan babur shi ne CG125, wanda ya fito a 1975. Da yawa daga cikin injunan 125 da 150 da ake shigo mana da su daga Sin kwaikwayonsa ne. Ke nan babur ɗin da yawancinmu ke hawa an ƙera shi ne da zaton mai shi ba zai kula da shi ba.

Ba haka abin ya faro ba. A 1885 Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka ɗora injin fetur a kan wani keken katako a Jamus, a 1894 kuma kamfanin Hildebrand da Wolfmüller na birnin Munich ya fara ƙera babur don sayarwa. Baburan farkon ƙarni na 20 ba sa yafiya. Da yawansu ɗamarar fata ce ke juya tayar baya, tana saki, tana santsi idan ruwa ya taɓa ta. Baƙin mai kuwa mahayi ne ke tura shi cikin inji da famfon hannu yana cikin tafiya. Idan ya manta inji ya ƙone, idan ya cika hayaƙi ya turnuke shi. Babu bakanike a kowace kwana, saboda haka wanda ya sayi babur ya sayi sana'a tare da shi. Daga nan aka gaji al'adar sayar da babur da 'yar jakarsa ta kayan aiki: sifana, filaya, sukundireba da mabuɗin fulogi, sai ɗan littafin da ke faɗin abin da za a duba da lokacin duba shi.

Da babur ya iso ƙasar Hausa, ya tarar da mutanen da suka san hidimar abin hawa. Mai doki ya san ba a kwana sai an ba shi harawa da dusa, an duba kofatonsa, an share turkensa. Da keke ya zo sai muka kira shi dokin ƙarfe, muka kuma yi masa irin wannan hidima. Mai Raleigh yakan goge shi kullum, ya ɗiga wa kaca mai, ya naɗe jikinsa da leda mai launi don kada fenti ya karce, ya yi facinsa da kansa. Hannun da ya saba da wannan shi ne ya karɓi babur.

Shekarar da ma'aikatan Honda ke kallon tituna a Asiya, ita ce shekarar da kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa kan albashin ma'aikatan Nijeriya, a zamanin Janar Yakubu Gowon. A farkon 1975 aka biya ƙarin albashi haɗe da bashin watannin baya. Malaman makaranta, akawuna da malaman asibiti da dama a lokacin suka sauka daga keke suka hau babur. Vespa ta Italiya, wadda muke kira Basfa, da Honda da Yamaha da Suzuki suka cika ƙofofin ofisoshi. Kasuwar ta yi girman da har Honda ta kafa kamfaninta na haɗa babura a Ota, cikin jihar Ogun, a 1979.

Babur na wancan zamani yana tilasta wa mai shi ya san shi. Injin Basfa, kamar na Yamaha da Suzuki da yawa, mai bugu biyu ne, wato yana ƙona baƙin mai tare da fetur. Mai Basfa shi ke auna man da kansa, kashi 2 cikin 100, ya zuba a tanki duk lokacin da ya sha fetur. Idan ya rage, fistin ya kama. Idan ya ƙara, fulogi ya yi baƙi ya daina wuta. Shi ya sa ba ka raba shi da fulogi na ko-ta-kwana da ɗan tsumma a akwatin babur. Ranar da ba aiki, a gidaje da yawa, akan fito da babur ƙofar zaure, a wanke, a kwance fulogi a kankare, a taɓa tayoyi, yara na miƙa sifana suna kallo. Abin da ya sa ake wannan hidima a fili yake: babur ɗin mallakar mai hawansa ne, kuɗin shekaru ne, kuma ba a sa ran sayen wani nan kusa.

Abin da ya sauya wannan lissafi tattalin arziki ne. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɗauki shirin SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, motocin haya suka yi ƙaranci. Babur ya tashi daga abin hawan maigida ya zama gonar da ake ci daga gare ta kullum. Acaɓa, ko kabu-kabu, ta bazu a garuruwa. Tare da ita wani sabon tsari ya zo: mai babur daban, mai tuƙa shi daban, abin da ke tsakaninsu shi ne balas ɗin yamma. Wanda ke bin balas kowace awa kuɗi ce a wurinsa, awar da zai zauna wanke matatar iska asara ce, kuma idan inji ya mutu ba nasa ba ne ya mutu. Mai babur kuma ba ya hawansa, balle ya ji sabuwar ƙarar da ta fara fita.

Daga baya baburan Sin suka shigo da araha, Jincheng da 'yan uwansa, sannan roba-roba, jikokin Honda Super Cub ta 1958, wadda a 2017 adadin da aka ƙera nata ya kai miliyan 100. Bajaj Boxer ya biyo daga Indiya. Kayan gyara suka yi arha, bakanike ya samu a kowace inuwar bishiya, ya zama canza abu ya fi tattalinsa sauƙi. 'Yar jakar kayan aiki takan ɓace tun makon farko, littafin kuma ba a ko buɗe shi. Wasu har murfin kaca suke cirewa don yana ƙara ko don ado, su bar ta tsirara tana shan yashi. Amma a cikin wannan zamani ma akwai masu riƙe da tsohuwar ɗabi'a, kuma yawanci su ne 'yan acaɓar da suka biya kuɗin babur ɗinsu da guminsu. Su ba sa wasa da ranar juye.

Injiniyoyin 1975 haƙuri suka ƙara wa inji, ba su cire masa buƙata ba. Abubuwan da ƙaramin babur ke nema a wurin mai shi ba su canza ba tun lokacin Udoji, kuma ba su da yawa. Na farko baƙin mai. Abin da irin wannan inji ke ɗauka bai wuce lita 1 ba, iska ce ke sanyaya shi, kuma yawancinsu ba su da matatar mai ta takarda da ake canzawa, sai ɗan rariyar waya. Wannan lita ɗaya ita ke shafe ƙarafa, ita ke kwashe zafi, ita ke tattara datti, a inji da giya da kuloci baki ɗaya. Juye ne kaɗai ke fitar da dattin. Duba shi kuwa bai fi minti ɗaya ba: a tsayar da babur daidai a wuri mai lebur, a zaro ma'aunin, a goge, a sake tsomawa a gani.

Na biyu iska. Ƙurar hunturu da ke taso mana daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, idan ta wuce matata ta haɗu da mai sai ta zama kamar garin wasa wuƙa, ta riƙa cin ringi da fistin a hankali. Matatar soso ana wanke ta da kananzir, a bari ta bushe, a shafa mata ɗan mai a matse. Ta takarda ba a wanke ta, kaɗewa ake yi ko a sake. Cire ta gaba ɗaya don babur ya ƙara gudu sayar da inji ne a kan kuɗi kaɗan.

Na uku kaca da tayoyi da birki, kuma a nan maganar ta wuce ta kuɗi. Kaca tana son mai, tana son sakin da bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba a tsakiyarta. Idan ta ɗaure da yawa tana cin haƙoran da take hawa, idan ta saki tana iya zamewa ta cije tayar baya ana cikin gudu. Iskar taya da safe ake duba ta, kafin ta ɗau zafi. Birkin da sai an taka shi har ƙasa yake kamawa, juya goro ɗaya ne ke gyara shi, muddin takalminsa bai cinye ba. Tunda da yawanmu a zaure ko tsakar gida babur ke kwana, rufe makunnin fetur da dare wajibi ne, kuma ba a barin inji yana aiki a rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji wari mai tayar da hankali ba. Abin da ya wuce waɗannan, kamar buɗe cikin inji, aikin bakanike ne, kuma bakaniken kirki ya fi son babur ɗin da aka kawo masa da ƙafarsa.

Matsayin babur a birane ya sha sauyi. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, an hana ta a Kano a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, Adaidaita Sahu ta karɓe titunan. Amma a karkara babur ne ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai buhu kasuwa, shi ke kai malami makarantar da mota ba ta zuwa. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, naira kuma ta sake faɗuwa, kuɗin sabon babur da na kayan gyara suka koma inda talaka ba ya kai hannu da sauƙi. Taya mai ƙarancin iska da toshasshiyar matata da busasshiyar kaca, kowannensu fetur yake sha, kuma yanzu ana jin shan a aljihu tun kafin mako ya ƙare.

Lissafin da ya sa malamin makaranta na 1975 ya durƙusa gaban Basfarsa ya dawo: babur ɗin nan shi ke nan gare mu, wani ba ya kusa. Kayan aikin ma ba su ƙaru ba. Tsumma ne, da sifana mai lamba 10 da 12 da 14 da 17, da ɗan gwangwanin mai, da rabin awa a ƙofar gida kafin rana ta yi zafi.