Albarushi da Sango: Maharban Hausa a Ƙasar Gabas

Idan aka yi maganar zaman Hausawa a Fatakwal da Anaca da Inugu, abin da yakan fara zo mana a rai shi ne fataucin shanu da goro da albasa. Amma kafin a kafa Fatakwal wajen 1912, kafin kuma a gano kwal a tsaunukan Inugu a 1909, akwai wasu Hausawa da suka riga suka ratsa dazuzzukan wannan yanki, kuma ba da tsabar kuɗi suka shiga ba, da bindiga suka shiga. Su ne maharban giwa. Zangon Hausawa na Elele, a ƙasar Ikwerre kan hanyar Fatakwal zuwa Owerri, daga irin waɗannan maharba ya samo asali a ƙarshen ƙarni na 19, sa'ad da giwaye ke ɓarna a gonaki, hauren giwa kuma ke da daraja wurin kamfanonin Turawa na bakin ruwa.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki (1768–1776) shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a cikin dogarawansa, Sarkin Damagaram Tanimu kuwa, wanda ya rasu a 1884, har igwa aka ƙera masa a Zindar, ana kuma haɗa masa albarushi a gida. To amma bindigar da maharbi ya riƙa a dajin Gabas ita ce adaka, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga, doguwar bindiga mai ƙanƙara da ake ɗurawa ta baki. Cikin bututunta sumul yake, babu zanen nan mai murɗawa da ke sa harsashi ya riƙa juyawa ya tafi sak. Saboda haka duk abin da aka harba da ita, da ya yi ɗan nisa sai ya kama gabansa.

Ba rashin sanin bindiga mai kyau ya tsayar da maharba a kan adaka ba. Tun 1871 sojan Ingila ke riƙe da Martini-Henry mai cin harsashi ta baya, a 1884 kuma wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya fito da albarushi marar hayaƙi. Sai dai a 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burasal, da sunan yaƙi da cinikin bayi, suka hana a sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogi masu zane a ciki da harsasansu. Abin da aka bari a kasuwa shi ne bindiga mai ƙanƙara da albarushin fatauci. A ganinmu, ko mene ne aka rubuta a takarda, amfanin wannan doka ya fito fili a 1903, ranar da aka tunkari ganuwar Kano da makaman da aka hana masu ganuwar saya.

Tun da haka ne, daidaiton harbi ya tashi daga jikin bindiga ya koma hannun mai ɗura ta. Kowane harbi da hannu ake gina shi. Maharbi zai zuba albarushi, ya tura tsumma ko zaren kaba ya danne da sandar ɗuri, sannan ya saka dalma ko guntun ƙarfe, ya sake toshewa. Ma'auninsa yatsu ne: yakan zura sandar, ya duba yatsu nawa ta rage a waje, ya san nauyin ɗurinsa. In ya rage albarushi, harbin ya yi sanyi, dabba ta tafi da rauni. In ya cika, bututun ya tsage ya tafi da yatsun da suka yi awon. Ga kuma damina mai tsawo ta kurmi, inda raɓa kaɗai ta isa ta kashe albarushi a cikin kaskon bindiga. Albarushin fatauci shi kansa ba ya zuwa iri ɗaya, wannan ganga ta fi waccan ƙarfi, don haka awon da ya yi daidai bara ba lalle ne ya yi bana ba. Masu ɗura harsashi da hannu a Amurka a yau suna auna albarushi da sikeli, da ma'aunin da 7,000 daga cikinsa ke cika laba ɗaya, suna rubuta sakamakon kowane gwaji a littafi. Tambayar da suke yi ita ce wadda maharbin Elele ya yi: wane awo ne wannan bindiga, ita kaɗai, take so? Shi dai littafinsa a ka yake, kuma abin da yake gwaji a kai yana iya juyowa ya tattake shi.

Inda hikimar ta fi bayyana shi ne sango. Dalmar adaka ba ta cika ratsa fatar giwa ta kai ga makasa ba. Sai maharba suka ɗauko ilimin baka da kibiya, wanda suka gada tun kafin bindiga, suka aura masa albarushi. Sango ɗan mashi ne mai kaifin ƙarfe da ƙotar itace da aka fiƙe daidai bakin bindiga, a shafe shi da dafi, galibi na ƙwanƙwani, wanda ke tsayar da zuciya. Sango ya fi dalma nauyi nesa ba kusa ba, don haka ɗurinsa daban ne, kuma ba ya tafiya da nisa. Dole maharbi ya bi iska, ya laɓaɓa har ya zo dab da giwa, ya harba sau ɗaya, sannan ya bi sawu har inda dafi ya kayar da ita. Wanda ya san haka ba zai yi wa sunan harba-ka-ruga dariya ba.

Gyaran bindigar kuwa ya haɗa baƙin da 'yan ƙasa. Awka, wadda ke kan hanya tsakanin Anaca da Inugu, gari ne na maƙera da suka yi suna a duk ƙasar Ibo, suna yawo gari gari suna gyara kunama da bututu, daga baya har suna ƙera bindigar sukutum. Anaca kuma, inda Turawa suka kafa wurin ciniki tun 1857, kasuwa ce da haure ke sauka, albarushi da ƙanƙara ke hawa.

Sana'ar ba ta daɗe ba bayan zuwan mulkin mallaka. Giwaye suka ragu, gwamnati ta kafa dokokin kare namun daji da na lasin. A 1916 jirgin ƙasa ya haɗa Inugu da Fatakwal, daga baya layin ya miƙe zuwa Arewa, sai shanu da kayan gwari suka zama abin da ke kawo Bahaushe Gabas. Unguwannin da mutanen wurin ke kira Ama Awusa suka cika da mahauta da dillalai da masu sayar da magani, jikokin maharba suka shige cikinsu. Dokar makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon hana riƙe ko da adaka ba tare da izini ba, ta kuma hana ƙera bindiga da harsashi ba tare da yardar hukuma ba. A 1989 kuma ƙasashen duniya suka amince da hana cinikin haure tsakanin ƙasa da ƙasa.