Yadda Otal-otal Suka Koyi Ƙirga Hayaƙin da Suke Fitarwa

A shekarar 1983 wani ɗalibi ɗan Amurka mai suna Jay Westerveld ya yada zango a tsibiran Fiji. A wani wurin shaƙatawa da ke bakin teku ya ci karo da 'yar takarda tana roƙon baƙi su sake amfani da tawul ɗinsu, wai don a ceci teku da halittun cikinsa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, a daidai wannan lokaci masu wurin suna ta faɗaɗa gine-gine a gaɓar tekun da suke kiran a ceta. A 1986 ya rubuta maƙala yana cewa fakewa da guzuma ne ake yi don a harbi karsana: kuɗin wanki ake son ragewa, aka jingina abin da muhalli.

A wancan zamani babu otal ɗin da zai iya ƙaryata shi da hujja, domin babu mai alƙaluma a hannu. Ba wai masu otal ba su iya lissafi ba ne. Tun 1926 ƙungiyar masu otal ta birnin New York ta fitar da tsarin ajiye lissafi na bai-ɗaya, kuma duk manajan da ya san aikinsa zai iya faɗin ɗaki nawa aka kwana a ciki jiya da nawa aka biya. Amma takardar kuɗin wuta da ta ruwa ofishin akanta suke tafiya, a biya, a jefa a fayil. Tashin farashin mai na 1973 ya sa aka ɗan waiwayi wannan fayil, aka rage ƙwan fitila, aka gyara tukunyar dafa ruwa, sai dai da farashi ya sauka hankali ya koma wani wajen.

Alhali otal gida ne da ba ya barci. Fitilun baranda ba sa mutuwa, ɗakin sanyi na kicin ba ya hutawa, ruwan zafi dole ya kasance a famfo ko da ƙarfe uku na dare ne. Ga injinan wanki da guga, ga na'urorin sanyaya ɗaki ko ɗumama shi, waɗanda a mafi yawan otal-otal su ne suka fi komai shan wuta. Idan aka haɗa duka, ana ƙiyasta cewa otal-otal na fitar da kusan kashi 1 cikin 100 na hayaƙin kabon da ke ɗumama duniya.

Shekarar 1992 ta kawo sauyin magana. Bayan babban taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Rio de Janeiro, shugabannin wasu manyan kamfanonin otal suka kafa wata haɗaka mai suna IHEI a ƙarƙashin inuwar Yarima Charles, wanda yanzu shi ne Sarkin Ingila. Suka wallafa littafin jagora, suka yi musayar dabaru. Shawarwari ne masu kyau, amma har lokacin awo bai shigo ba.

Awo na gaske daga ƙasar Suwidin ya ɓullo, kuma matsi ne ya haife shi. Kamfanin Scandic ya samo asali ne daga masaukin matafiya da kamfanin mai na Esso ya buɗe a garin Laxå a 1963, sannan ya ɗauki sunan Scandic a 1984. A farkon shekarun 1990 tattalin arzikin Suwidin ya shiga mawuyacin hali, Scandic ya yi ta tafka asara. Sabon shugabansa, Roland Nilsson, ya nemi abin da zai haɗa kan ma'aikata ya kuma bambanta kamfanin da saura. Sai ya ƙulla hulɗa da ƙungiyar The Natural Step, wadda likitan ciwon daji Karl-Henrik Robèrt ya kafa a 1989. Aka zaunar da dubban ma'aikata, daga manaja har mai gyaran gado, aka koya musu tushen lamarin, aka kuma tambaye su inda suke ganin ɓarna.

Masu share ɗaki sun san abin da ofis bai sani ba. Su ne ke kwashe 'yan ƙananan sabulai da baƙo ya wanke hannu da su sau ɗaya ko biyu ya bari, su zuba a shara kowace safiya. Daga irin wannan lura aka maye gurbin sabulan da mazubi na jikin bango da ake sake cikawa. Amma babban abin da Scandic ya yi shi ne wanda baƙo ba ya gani. Daga tsakiyar shekarun 1990 kowane otal nasa ya fara aika rahoton wata-wata na wutar da ya sha, ruwan da ya zubar da sharar da ya tara, ana raba jimillar da yawan baƙin da suka kwana. Da wannan rabawa, otal mai ɗaki 80 da mai ɗaki 400 suka hau sikeli ɗaya. Aka mai da abin gasa, ana kiranta farautar albarkatu, kowane reshe na ganin matsayinsa kusa da na 'yan'uwansa. Manajan da otal ɗinsa ya fi na maƙwabcin gari shan ruwa ba shi da sauran ta cewa sai ya tashi ya nemo bututun da ke yoyo.

Da kamfanin Hilton ya sayi Scandic a 2001, ya gaji wannan tsari, ya faɗaɗa shi. Tsakanin 2006 da 2008 otal-otal ɗinsa na nahiyar Turai suka rage wutar da suke sha da kashi 15 cikin 100, suka rage ruwa da hayaƙin kabon na kowane baƙo da kashi 8. A 2009 Hilton ya ƙaddamar da manhajar LightStay don tattara irin waɗannan bayanai, kamfanin IHG kuma ya fito da tasa mai suna Green Engage.

Ita kanta takardar tawul sai da aka ɗora ta a ma'auni. A 2008 wasu masana uku, Noah Goldstein da Robert Cialdini da Vladas Griskevicius, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a wani otal a Amurka. Inda takarda ta yi roƙo da sunan muhalli kawai, kusan kashi 35 cikin 100 na baƙi ne suka rataye tawul don sake amfani da shi. Inda ta ce yawancin baƙin otal ɗin haka suke yi, adadin ya kai kashi 44. Da aka ce yawancin waɗanda suka kwana a wannan ɗakin haka suka yi, sai ya kusan kai rabi.

Sai dai wata matsalar ta kunno kai. Kowane kamfani da irin mudunsa. Wani yana ƙirga wutar lantarki kaɗai, wani yana haɗawa da gas ɗin girki. Wani yana rabawa da faɗin gini, wani da yawan baƙi. Manyan kamfanonin da ke tura ma'aikatansu tafiye-tafiye suka fara tambayar hayaƙi nawa ke kan kwana ɗaya a ɗaki, suna samun amsoshin da ba sa kwatantuwa. Saboda haka a 2012 kamfanonin otal 23, ciki har da Hilton da Marriott da Accor da Hyatt, suka amince da ma'auni guda da ake kira HCMI. Ƙa'idarsa a fili take. A tattara duk makamashin da otal ya ci a wata 12, a mai da shi kilo na kabon, a kasa shi tsakanin ɗakunan kwana da zaurukan taro gwargwadon faɗinsu, sannan a raba kason ɗakuna da yawan waɗanda aka kwana a ciki. An toshe wata kafa mai muhimmanci: otal ɗin da ke kai zannuwan gado wanki a waje dole ya ƙirga hayaƙin wannan wanki a matsayin nasa. Iskar gas da ke zurarewa daga na'urorin sanyaya ɗaki ita ma tana shiga lissafi. A 2016 aka yi wa ruwa irin wannan ma'auni.

Da alƙaluman dubban otal-otal suka taru, musamman a ƙididdigar da Jami'ar Cornell ke fitarwa tare da kamfanin Greenview, sai wani abu ya fito sarari. Inda otal yake da irin wutar da yake sha sun fi duk wata takarda da ke banɗaki tasiri. A jadawalin da gwamnatin Birtaniya ke wallafawa, hayaƙin kwana ɗaya a ɗakin otal a ƙasar bai wuce kilo goma da 'yan kai ba. A Faransa, inda tashoshin nukiliya ke ba da mafi yawan wuta, bai ma kai haka ba. A tsibiran Maldives kuwa, inda wuraren shaƙatawa ke ƙona dizal don samun wuta da tace ruwan teku, ya haura kilo 100.

Daga ɗakin injin, awo ya gangaro kicin. Kamfanin Winnow da aka kafa a Landan a 2013 ya ƙera sikeli da ake sawa a ƙarƙashin kwandon shara, daga baya aka ƙara masa kyamara a sama. Kuku ya juye ragowar shinkafa, na'ura ta gane shinkafa ce, ta auna nauyinta, ta rubuta kuɗinta. Da safe shugaban kicin ya tarar da rahoto: jiya an zubar da kaza na burodi, kaza na nama. Abincin da aka zubar hayaƙi ne ninki biyu, na nomansa da dafa shi, da kuma iskar methane da yake fitarwa idan ya ruɓe a juji. Wani bincike na 2018 a kan otal 42 a ƙasashe 15 ya gano cewa duk dala ɗaya da aka kashe wajen rage zubar da abinci tana dawo da kusan dala bakwai. A watan azumin 2023 Hilton ya gwada wannan a teburin buɗa-baki da sahur na otal uku a Saudiyya da Qatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Aka rage girman faranti da yawan abin da ake jerawa lokaci guda, aka koma dafa wasu abubuwa a gaban mai ci. Kamfanin ya ba da rahoton cewa abincin da ake zubarwa ya ragu da kashi 61 cikin 100.

Tafiyar da sauran nisa. A 2017 haɗakar nan da aka kafa a 1992, wadda daga baya aka kira Sustainable Hospitality Alliance, ta lissafa cewa idan ana son cika alkawarin yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi, sai kowane ɗakin otal ya rage hayaƙinsa da kashi 66 cikin 100 kafin 2030, da kashi 90 kafin 2050, idan aka kwatanta da 2010. Kuma yawancin bayanan da ake da su na manyan kamfanoni ne. Ƙananan otal-otal masu zaman kansu da yawa ba su shiga ƙidaya ba.

A cikinsu akwai na Kano da Kaduna da Abuja, inda janareta ke riƙe da dare idan an ɗauke wuta. Lissafin nan ya fi sauƙi a wajensu, domin kowace lita ta dizal tana fitar da kusan kilo 2.7 na kabon, kuma mai kula da janareta ya riga ya saba tsoma sanda a tanki yana rubuta abin da ya rage a littafi. A ce otal ya ƙona lita 200 a daren da aka kwana a ɗaki 40: kilo 540 ke nan, wato kilo 13 da rabi a kan kowane ɗaki, ban da wutar kamfani da gas ɗin kicin. Mai otal ɗin da ya haɗa littafin janareta da rajistar baƙi na wata 12 zai ga ko gara ya tara baƙi a hawa ɗaya a daren da ba ciniki, ya kashe na'urorin sauran, zai kuma iya lissafa shekara nawa farantan sola za su ɗauka kafin su mai da kuɗinsu.