Jakara, Inda Kano Ke Karya Kumallo

Mafi yawan baƙin da ke shigowa Kano don hutun kwana biyu a Nassarawa suke sauka, ko Bompai, ko wajen titin Gidan Zoo. Su ci shinkafa a gidan abinci mai sanyi, su leƙa Kantin Kwari su yanki shadda da atamfa, ran Lahadi su kama hanyar Kaduna suna cewa sun ga Kano. Abin da suka gani waje ne. Birni yana cikin ganuwa, kuma duk wanda ya shiga ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Wambai ya bi ƙafar jama'a, ba zai daɗe ba zai tsinci kansa a Jakara, kwarin da ke kwance tsakanin Dutsen Dala da Gidan Rumfa. A takardun hukuma Jakara ɗaya ce daga mazaɓu 13 na ƙaramar hukumar Birni da Kewaye. A bakin Kanawa kuwa sunan ya fi haka faɗi: rafi ne, unguwa ce, bakin kasuwa ne, kuma gidan gurasa ne.

Ruwan ne ya riga kowa zuwa. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya nuna cewa tun kafin zuwan Bagauda a wajajen shekarar 999, mutanen da ke zaune a gindin Dala suna da wani kurmi mai duhu da ya kewaye baƙin ruwa, suna girmama shi, suna kai masa yanka. Zamanin Barbushe ke nan da Tsumburbura. Musulunci ya shigo da ƙarfinsa a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, ta hannun Wangarawa, waɗanda har yau ake danganta unguwar Madabo da su. Da Muhammadu Rumfa ya hau sarauta a 1463, sai ya kafa kasuwa a gefen wannan kurmi, ita ce Kasuwar Kurmi. A ganina babu wata dabarar mulki a tarihin Kano da ta fi wannan nisan hange. Wurin da mutane ke tsoron shiga sai da izinin bokaye, Rumfa ya mayar da shi wurin da kowa ke shiga da hajarsa: Balarabe da Buzu da Babarbare da Banufe da Bayarabe. Sunayen unguwannin da ke kewaye da kasuwar sun isa shaida, ga Zangon Barebari, ga Tudun Nufawa, ga Ayagi, ga Dandalin Turawa inda fataken Larabawa suka zauna, ga Sharifai ta zuriyar da ake dangantawa da Shehu Maghili.

Baturen nan Clapperton da ya zo a 1824 ya tarar da fadama ta raba birnin kusan gida biyu, kasuwa na ci a kan tudun da ke tsakani. A nan ya sayi lema ƙirar Ingila, wadda ta keto Sahara a bayan raƙumi. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne amanar ciniki. In mutum ya sayi riga ko turkuɗi a Kurmi ya kai har Barno, ya buɗe ya ga ba ta kai yadda aka ce ba, yana iya mayar da ita, domin ana rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshi. Wani Baturen kuma, Barth, wanda ya sauka a unguwar Dala a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, ya kuma ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. A wannan kasuwa kuma aka sayar da bayi na ɗaruruwan shekaru. Mai ziyara ya kamata ya san haka yana tafe a cikinta, domin wani ɓangare na arzikin da ake alfahari da shi daga guminsu ya fito.

To, mai son ganin Jakara ta yau sai ya yi sammako. Bayan sallar asuba kaɗan, kafin adaidaita sahu su cika titi, hayaƙin kara ne zai fara tarbarsa daga zaurukan gidaje da bakin lunguna, tun daga Jakara har Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Mata ne ke wannan aiki na gashin gurasa, uwa ta gada daga kaka, 'ya na koyo a gefenta. Tun da dare aka kwaɓa fulawa da yis da ɗan gishiri, aka rufe ya tashi. Tanderu kuwa babbar tukunyar yumɓu ce da aka girke bakinta na kallon sama. A zuba kara a ciki a kunna, wuta ta lashe cikin tukunyar har ta yi jawur, harshen wutar ya kwanta, saura garwashi a ƙasa. Sai mai gashi ta goge jikin tanderun da jiƙaƙƙen tsumma, ta tsoma hannu a ruwa, ta gutsuro kwaɓin, ta faɗaɗa shi a tafin hannu, ta zura hannun har kusan kafaɗa ta manna shi a bangon tanderu. Ɗaya, biyu, uku, har ta kewaye cikin, ta rufe. Ba ta duba agogo, ƙamshi ke gaya mata. In ta buɗe, gurasar ta kumbura, fuskarta ta yi ja-ja da ɗigon ƙuna nan da can, bayanta fari da ɗan ƙauri. Ta ɓamɓaro ta jefa a kwando. Wanda ya lura da damtsen waɗannan mata zai ga tabon wuta, sabo a kan tsoho.

Gurasar da aka ciro yanzu daga tanderu ba ta buƙatar mahaɗi. Amma Bakano bai cika barinta haka ba. Mai bandashe zai yayyafa mata ruwan ɗumi ta yi laushi, ya barbaɗe ta da garin ƙuliƙuli mai yaji, ya kwarara man gyaɗa, ya yanka albasa da tumatir, wani ya ƙara kabeji. "Alhaji, ta nawa za a haɗa maka? A ƙara yaji?" In baƙo ne kai, ka ce a sa kaɗan tukuna. Akwai mai cin ta da miyar taushe, akwai mai naɗe tsire ko balangu a cikinta, akwai dattijon da ba ya son komai sai ya tsoma ta a shayi. Tsofaffin birni kan ce gurasar alkama ta da ta fi ta fulawar kamfani ƙamshi da riƙe ciki, kuma har yanzu akwai gidajen da ke yin ta in an ba da saƙo. Na yarda da su. Ta alkama ta fi duhu, ta fi nauyi, tana kuma da ɗan zaƙin da ba na sukari ba.

Ana danganta zuwan gurasa Kano da Larabawan da suka zo fatauci daga arewacin Afirka, irin mutanen Tarabulus da Gadamas, waɗanda gidajensu ke arewa da kasuwa, kusa da Jakara. Shi ya sa sana'ar ta kafu a nan ba a wata unguwa ba. Tare da ita ake lissafa sauran kayan alkama na cikin birni: alkaki da ake tsomawa a zuma ko narkakken sukari, dubulan, alkubus, funkaso. Waɗannan a da abincin gidan sarauta ne da na attajirai da garar amarya. Gurasa ce ta sauko daga soro ta zama abincin ɗan dako da almajiri da ɗalibi, ba tare da attajiri ya daina cin ta ba. Daga waɗannan lunguna ake ɗaukar ta kwando-kwando zuwa Sabon Gari da Kurna da Hotoro, da tashoshin mota zuwa wasu garuruwa. Da azumi kuwa tanderu ba ya hucewa.

A watan Fabrairun 2024 matan nan masu gurasa sun fito kan titi suna kuka da tsadar fulawa, suna cewa da yawansu sun kashe tanderu saboda jari ya karye. Labarin ya zaga ƙasa kwana biyu ya wuce. Ni dai ina ganin duk mai maganar raya al'adun Kano da jawo masu yawon buɗe ido, in bai fara da waɗannan mata ba, bai kama bakin zaren ba. Ganuwa in ta zube ana iya sake ɗora tubali. Hannun da ya san zafin tanderu in ya bar sana'a, jikarsa ba za ta koya daga littafi ba.

Da hantsi sai a shiga Kurmi, a ƙafa, domin lungunanta ba sa ɗaukar mota, wani wurin ma mutum biyu sai sun karkata. Kada a yi gaggawa a layin dukawa da 'yan sirdi. Nan ake samun linzami da likkafa da jalala da duk adon da ake gani a jikin dawakan Hawan Daushe, nan kuma jikokin masu jima suke, waɗanda jar fatar akuyarsu ta bi ayari zuwa arewacin Afirka, Turawa suka saye ta da sunan fatar Maroko. Gaba kaɗan ga 'yan littattafai da Ishiriniya da Ahalari da allo da tawada, ga 'yan turare, ga masu ƙwarya da ludayi da faifai, ga masu kanwa da citta da kanumfari da masoro da kimba. Ciniki a nan da ladabinsa. Mai kaya ya faɗi kuɗi, kai ka taya, ya ce "albarka", ka ƙara, har ya ce "kawo kuɗi". Wanda ya taya ya kuma juya baya bayan an sallama masa ya yi abin kunya. In ƙishirwa ta taso, ga zoɓo mai citta, ga kunun aya, ga lamurje, ga kuma Fulani mata da ƙwaryar fura da nono a bakin kasuwa. A cikin ganuwa abin sha ke nan, kuma ya wadatar.

Gidan Makama, inda aka ce Rumfa ya zauna kafin ya zama sarki, yanzu gidan tarihi ne, yana fuskantar fadar sarki, kuma sa'a ɗaya ta isa a zaga shi a ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da ɗaurin gugan soraye. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, tana nan da baba da toka, ko da yake rijiyoyin da ke aiki sun ragu ƙwarai. Duk mai jagorar baƙi zai kai ka waɗannan biyu ko ba ka tambaya ba.

Dala kuwa a bar ta sai la'asar sakaliya, in rana ta yi sanyi. Akwai matakala har sama. Daga can ne mutum zai fahimci abin da ƙafa ba ta nuna masa ba: birnin a kwance yake kamar faranti mai ɗan zurfi a tsakiya, zurfin nan kuwa shi ne Jakara. Ga Goron Dutse daga yamma, ga hasumiyoyin Masallacin Juma'a da koren ƙubbarsa daga kudu, ga rufin kwanon Kurmi a cunkushe. Ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, dutsen nan cika yake da yara da manya har ba masaka tsinke.

Abin da ba za ka hango ba shi ne ruwan kansa. Tun da birni ya cika, Jakara ta zama matattarar duk kwatamin cikin gari, da shara, da jinin mayanka, har sunanta ya koma abin toshe hanci. A zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, aka fara aikin rufe rafin da kankare a shimfiɗa titi a kansa, daga Kwarin Gogau zuwa Jakara, wanda jama'a ke kira titin Wuju-Wuju. Waɗanda suka yi shekaru suna kwana da sauro da wari da ambaliyar watan Agusta suna da hujjar yin murna, ba mai ƙaryata su. Sai dai rufe ruwa daban, tsabtace shi daban. Yana nan yana gudu a ƙarƙashi, ya fita bayan gari ta arewa maso gabas, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauko dagwalon masana'antun Bompai, ya zarce madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. A gefensa manoman rani ke shuka latas da alayyafo da karas da albasa, su dawo da su kasuwannin birni. Masu bincike a Jami'ar Bayero sun sha yin rubutu a kan gubar da ke cikin wannan ruwa. Ruwan da ya tara mutane har aka yi Kano ya cancanci matatar da za ta wanke shi kafin ya kai gonar kowa, kuma wannan aikin hukuma ne, ba na mai lambu ba.

Bayan magariba unguwar kan sake wani kama. Masu tsire su kewaye wuta da tsinkayensu, mai balangu na yanka yana barbaɗa yaji a takarda, mai shayi ya jera benci, mai waina na juya tanda, yara na layin awara da ɗanwake. Baƙon da ya yi sallama ya zauna a bencin mai shayi ba zai rasa abokin hira ba, kuma da wuya a bar shi ya biya kofin farko. Wanda ke son tuwon shinkafa da miyar kuka ko taushe irin na gida, ya tambayi mai shagon da ya yi ciniki da shi a Kurmi, zai haɗa shi da yaro ya raka shi har ƙofar mai tuwon da su kansu 'yan kasuwa ke ci.

Tsaraba kuma ba sai an je nesa ba. Kilishi a Agadasawa ake nemansa, a ɗanɗana kafin a auna. Alkaki da dubulan suna jure tafiya, sukan yi makonni ba su lalace ba. Gurasa ce mai son kulawa: a saye ta da safen ranar tafiya, a bar ta ta huce sarai kafin a ƙulle a leda, in ba haka ba gumi zai jiƙa ta ta yi tsami tun ba a wuce Kwanar Dangora ba. In an isa gida, a ɗan yayyafa mata ruwa a ɗumama a kasko.