3.2 Iskar Kabon Monoksaid da Dokar Masana'antu a Ƙasar Katsina

Kamar yadda aka nuna a babin da ya gabata, tun kafin zuwan Turawa maƙeran ƙasar Katsina suke aiki da gawayi, amma da yake maƙera rumfa ce wadda iska ke ratsawa, haɗarin bai cika bayyana ba. Kabon monoksaid iska ce da ke fitowa idan gawayi ko fetur bai ƙone sarai ba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Idan aka shaƙe ta, jini yakan riƙe ta fiye da iskar oksijin sau ɗari biyu da wani abu, sai ciwon kai da jiri da amai su biyo baya, alamomin da a nan aka fi danganta su da zazzaɓi.

A Birtaniya, likita John Scott Haldane ne ya gano cewa wannan iska ce ta kashe akasarin waɗanda suka mutu a fashewar mahaƙar kwal ta Tylorstown a 1896. Shawararsa ce ta sa ake shiga rami da tsuntsun kanari, har zuwa 1986.

A ƙasar Katsina kuwa, babbar tanderun zamani ta zo ne da kamfanin mulmula ƙarafa da aka buɗe a 1982, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari. Sai dai a ganin mai wannan nazari, ba a can matsalar ta fi tsanani ba. Ƙarancin wutar lantarki ya sa injin niƙa da janareta sun shiga ƙananan shaguna, tun daga birnin Katsina har Jibiya da ƙauyuka irin su Riko. Da hunturu akan rufe ƙofa saboda sanyi, da dare kuma a kwana da inji saboda ɓarayi.

Abin lura shi ne, Dokar Masana'antu ta 1987 ba ta manta da waɗannan wurare ba. Ta faɗaɗa ma'anar masana'anta har ta haɗa da inda mutum ɗaya kacal yake aiki, ta kuma hana tayar da kafaffen inji sai an fitar da hayaƙinsa waje. To amma aiwatar da dokar yana hannun sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, waɗanda ofisoshinsu ke manyan birane, nesa da shagon mai niƙa na bakin iyaka.