Charleston: birnin da ya ji tsoron teku, ya ji tsoron bayinsa

Turawan Ingila ne suka kafa Charleston a 1670, a gaɓar Tekun Atlantika, cikin yankin da ake kira Karolina ta Kudu a yau. Shinkafa ce ta arzuta garin, bayi kuma su suka noma ta. Kusan kashi 40 cikin 100 na 'yan Afirka da aka kai Arewacin Amurka cikin ƙangin bauta a nan aka sauke su, ciki har da Umar ibn Sa'id, malamin nan na Futa Toro, a 1807. Shi ya sa tun farko masu garin suka kwana da tsoro biyu: na maharan da za su ɓullo ta teku, da na bawan da ke bayan gida.

Labarin teku shi aka fi yayatawa. Ranar 28 ga Yunin 1776, lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, jiragen yaƙin Ingila suka yi wa ganuwar tsibirin Sullivan luguden wuta, amma an gina ta da yashi da kututturan wata bishiya dangin giginya, sai harsasan igwa suka riƙa nutsewa a ciki. Ingila ta ja da baya, ta dawo a 1780 ta ci garin.

Tsoro na biyu, a ganina, shi ya fi sassaƙa birnin. A 1822 aka zargi Denmark Vesey, kafinta da ya fanshi kansa, da shirya boren bayi. An rataye mutum 35 har da shi, aka rushe cocin baƙar fata da yake cikin jagororinta. Daga nan hukuma ta gina ma'ajiyar makamai a cikin gari domin sa ido kan bayi, kuma ita ce ta zama makarantar soja ta Citadel a 1842. A Charleston aka ayyana ɓallewar Karolina ta Kudu daga Amurka a Disamban 1860, a nan kuma 'yan tawayen Kudu suka buɗe wuta kan sansanin Sumter na sojojin tarayya ranar 12 ga Afrilun 1861, yaƙin basasa ya ɓarke.

Ana tsaka da yaƙin, a 1862, wani bawa matuƙin jirgi mai suna Robert Smalls ya kwashi iyalinsa da abokan aikinsa a jirgin 'yan tawaye, Planter, ya ratsa ta gaban igwoginsu da asuba ya miƙa shi ga sojojin tarayya. Daga baya ya zama ɗan majalisar wakilan Amurka. Gwarzo ke nan, wanda ya cancanci a san shi fiye da janar-janar da yawa.

Sansanin sojan ruwa da aka kafa a 1901 ya ciyar da dubban gidaje har aka rufe shi a 1996. Tsohon miki kuwa bai warke ba. A 2015 wani matashi farar fata ya harbe mutum 9 a cocin Emanuel, magajiyar cocin Vesey. Sai a 2018 majalisar birnin ta nemi gafara kan hannun da garin yake da shi a cinikin bayi, shekara 153 bayan an soke bauta. Neman gafarar ya dace, amma ya makara ƙwarai.