Yadda Aka Koya wa Jel Motsi

Jel raga ce ta dogayen zarurrukan sinadari da ake kira folima, wadda ta shanye ruwa ta riƙe shi a cikinta. A wajajen 1950, Werner Kuhn a Basel ta ƙasar Suwizalan da Aharon Katchalsky a Isra'ila suka nuna cewa wannan raga tana iya yin aiki irin na tsoka. Idan aka tsoma zarenta a ruwa mai tsami sai ya tsuke, har ya ɗaga ɗan nauyin da aka rataya masa. Idan aka kashe tsamin, kamar yadda kanwa ke yi wa tsamiya, sai ya saki jiki ya miƙe. Abin ya burge masana, amma ya zauna a ɗakin gwaji.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara fitar da jel zuwa hannun jama'a shi ne Otto Wichterle na birnin Firag, a tsohuwar Cekoslobakiya. A 1958 hukumomin kwaminis suka kore shi daga makarantar koyon ilimin sinadarai da yake koyarwa. Duk da haka, a 1960 shi da abokin aikinsa Drahoslav Lím suka wallafa bayanin wani jel mai laushi da jikin ɗan Adam ba ya ƙyama. Matsalar da ta rage ita ce yadda za a ƙera shi ya zama tabarau da zai dace da ƙwayar ido. A Kirsimetin 1961 Wichterle ya zauna a gidansa, ya ɗauko kayan wasan ƙarfe na 'ya'yansa mai suna Merkur, ya haɗa da dinamon keke, ya gina injin da ke juya ɗan ƙaramin mazubi. Juyin ne ke watsa ruwan sinadarin ya bi gefen mazubin, ya daskare da lanƙwasar da ake so. Da wannan injin ya fitar da tabarau huɗu na farko irin waɗanda ake ɗorawa a kan ido, ya gwada a idonsa. A 1965 aka sayar wa wani kamfanin Amurka haƙƙin fasahar, a 1971 kuma kamfanin Bausch & Lomb ya kawo ta kasuwa. Shi kuwa mai ƙirar, an tuɓe shi daga shugabancin cibiyar bincikensa saboda ya sa hannu a wata takardar neman sauyin siyasa ta 1968.

Jel ɗin Wichterle laushi kawai yake da shi, ba ya amsa komai. A 1978 ne Toyoichi Tanaka, ɗan Japan da ke aiki a jami'ar MIT ta Amurka, ya ga abin da ya sauya tafiyar. Yana ƙara sinadarin asiton kaɗan-kaɗan a ruwan da jel ke ciki, sai a wani mataki jel ɗin ya tsuke gaba ɗaya a lokaci guda. Daga baya aka samu wanda girmansa ke sauyawa har ninki dubu, aka kuma gano cewa zafi ko haske ko lantarki duk suna iya tayar da wannan sauyi.

Cikin waɗannan, folimar da ta fi suna ita ce PNIPAM, wadda ke sauya hali a digiri 32 na ma'aunin Selsiyas: ƙasa da haka tana son ruwa, sama da haka tana tunkuɗe shi. Teruo Okano na Tokyo ya shafa ta a gindin farantin da ake renon ƙwayoyin halitta. A digiri 37 ƙwayoyin suna manne da farantin, suna yaɗuwa har su rufe shi. Da an sanyaya zuwa kamar digiri 20, sai folimar ta sha ruwa, ƙwayoyin su taso a haɗe, shimfiɗa guda, ba tare da an zuba musu sinadarin da ke yayyanka su ba. A 2004 likitocin Jami'ar Osaka suka bayar da rahoton majinyata huɗu da aka gyara musu fuskar ido da irin wannan shimfiɗa, wadda aka reno daga fatar cikin bakinsu. A ganina babu aikin da ya fi wannan nuna amfanin fannin, kodayake ba shi jaridu suka fi yayatawa ba.

Sauran sun biyo a jere. Ryo Yoshida ya yi jel mai kumbura da tsukewa da kansa a 1996. A 2001 masanan Jami'ar Illinois suka yi roba mai ɗinke tsagarta, a 2002 Andreas Lendlein da Robert Langer suka nuna zaren ɗinkin tiyata da ke ɗaure kansa idan ya ji ɗumi, a 2003 kuma Jian Ping Gong ta Hokkaido ta yi jel da galibinsa ruwa ne amma yana da wuyar yagewa. Jami'ar Harvard ta fito da Octobot a 2016, mutum-mutumi mai siffar dabbar teku mai hannaye takwas, ba batir ba ƙarfe mai tauri, iskar da sinadari ke fitarwa ce ke motsa hannayensa.

Ana yawan kiran waɗannan kaya masu basira, kuma maganar ta ɗan yi gaba da aikin. A 2024 masu bincike a Jami'ar Reading ta Ingila suka haɗa jel da tsohon wasan kwamfuta na Pong ta wayoyin lantarki. Ƙwayoyin caji da ke cikin jel ɗin suna matsawa inda aka taɓa shi, ba sa kuma komawa nan take, don haka taɓawar baya tana shafar amsar gaba. Da wasan ya yi nisa, tare ƙwallonsa ya ɗan ƙaru. Masu binciken da kansu sun ce jel ɗin bai san yana wasa ba, wani nau'in tuna baya kawai suka auna.